Shekarar da Na Rage wa Kwamfutar Babanku Gudu

Ɗiyata Hadiza ce ta jawo wannan babi, ko da yake ba ta sani ba. Ranar sunan ɗanta ina kishingiɗe a ɗaki, kowa na zaton barci nake, sai na ji ta a tsakar gida tana ba ƙannenta labari cewa Baffa Lawali ne ya ƙona kwamfutar shago, shi ya sa babanku ya yi shekara guda ba a ganin haƙoransa. Ta faɗe shi hankali kwance, kamar maganar da aka gama shari'arta. Ban tashi ba don gida cike yake da baƙi, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Ba da ita na yi fushi ba, abin da ta tarar ana faɗa a unguwa shi ta maimaita. Babanku ya rasu, kakarku Inna ta rasu, Lawali kuwa ko wuƙa aka ɗora masa a wuya ba zai buɗe baki ba. Saura ni kaɗai, kuma ba na so in tafi in bar ku da labarin a karkace.

Kun san a wancan lokaci gyaran kwamfutoci nake yi a wata ma'aikata, babanku Alhaji Mamman kuma yana da shagonsa na ɗinki a unguwar Mawre, nan Yamai. Abin da ya ɗaga sunan shagon shi ne injin surfani mai allurai da yawa, wanda ya saya hannu na biyu tare da tsohuwar kwamfutar da ke ba shi umarni. Kwamfutar ta girmi Sani, autanmu. Sau da yawa kun tambaye ni me ya sa ba mu jefar da ita mun sayi sabuwa ba. Dalili shi ne injin ba ya jin maganar kowa sai tata. Akwai wani kati a cikinta da wata faffaɗar kafa ta waya a bayanta da aka daina yin irinsu, kuma ta nan kaɗai zane yake bi ya isa ga allura. Idan ta mutu, injin ya zama ƙarfe kawai a tsakiyar shago. Alhaji ke karɓar mutane, ya yi awo, ya yanka shadda. Lawali ne ke zama gaban kwamfutar ya zana ƙirar wuya da aljihu, ita kuma ta ɗauki lokacinta tana juya zanen zuwa lissafin sukar allura. Wannan jiran shi ke cin ran babanku. Mutum ne mai kirki da kyauta, amma jira ba ya cikin abin da Allah ya ba shi.

Lawali ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana ƙarami aka kawo shi daga Maraɗi, ina amarya, a hannuna ya girma. A shekarar da nake ba ku labari ya riga ya zama cikakken namiji, har an sa ranar aurensa da Zuwaira bayan Sallah. Mahaifinta mai lambu ne a Gamkalle, mutum mai magana ɗaya, kuma ya ce sana'ar Lawali ya duba ya ba shi 'yarsa. Tsakanina da Lawali akwai wasan nan na matar wa da ƙanen miji. Yakan shigo ya ce miyata ta yi kama da ruwan kogin Isa, in ce ai Zuwaira za ta dafa masa salak safe da dare tunda gidansu babu abin da ya fi shi yawa. Ko Inna, da ba ta cika dariya ba, takan rufe baki da gyale in mun fara.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ku riƙe. Kowace kwamfuta tana da wani shafi na can ciki, wanda ake shiga kafin komai ya buɗe, inda ake saita gudun ƙwaƙwalwarta da yawan wutar da take sha. Babanku da kansa ya ce in kulle wannan shafi don kada ma'aikata su yi karambani. Na kulle shi da kalmar sirri, na gaya masa ita, ban gaya wa kowa ba.

A shekarar azumi ya faɗo a tsakiyar bazara. Duk wanda ya san Yamai a wannan lokaci ya san ƙarfen ƙofa ma ba ya taɓuwa da rana. Shaddar mutane ta taru a shago har saman tebur, kowa na son kayansa kafin Sallah. Wata rana na dawo daga aiki na tarar gidan shiru. Inna na zaune bisa tabarma da carbi a hannu amma ba ta ja.

"Rabi, kin ji abin da yaron ga ya yi?" in ji ta.

"Wane yaro, Inna?"

"Lawali. An ce ya kashe injin wansa. Mai gidan nan ya ce ya tattara ya koma Maraɗi."

Inna ba ta kiran sunan babanku, don shi ne ɗanta na fari. Sai daga baya na ji yadda abin ya faru. Kwamfutar ta ɗauke da rana tsaka, ta ƙi tashi. Shago cike da masu jiran kaya, wani ya tambaya wa ke zama gabanta, Alhaji ya nuna Lawali, daga nan harshensa ya kufce masa. Ya yi faɗan da ba a taɓa jin ya yi ba, ya ce da an gama haɗa masa kayansa ya bar garin. Lawali ya sunkuyar da kai.

Na sa aka ɗauko mani kwamfutar gida. Da yamma na danna ta, fanka ta juya, fuskar ta kasance baƙa ƙirin. Na san wani lokaci na'urar da zafi ya kayar takan ɗan farfaɗo in ta huce, don haka na bar ta sai da asuba bayan sahur, lokacin da iska ke da ɗan sanyi. Ta tashi. Na yi maza na shiga shafin nan na ciki, ta nemi kalmar sirri, na rubuta, ta buɗe. Ga abin da na gani. An ɗaga gudun ƙwaƙwalwar, wadda mu masu gyara muke kira furosesa, sama da abin da aka ƙera ta ta ɗauka, an kuma ƙara mata wuta don ta jure. Masu wasa da kwamfuta sukan yi haka, amma da kaɗan-kaɗan, a ɗaki mai sanyi, a kan na'ura mai ƙuruciya. Wannan an ɗaga shi ne gaba ɗaya, a kan tsohuwa, a cikin zafin Yamai. Ban gama karantawa ba ta sake ɗaukewa. Kullen yana nan yadda na bar shi, ba a fasa shi ba, da mabuɗi aka shiga.

Na jira babanku ya dawo daga masallaci, na ja shi ɗaki na rufe ƙofa.

"Alhaji, kai ka taɓa ta."

Bai musa ba. Ya zauna a bakin gado, ya cire hula ya riƙe. Ya ce wani ɗalibi daga Lamorde ya kawo ɗinki, ya ga yadda ake jira, ya nuna masa a wayarsa yadda ake ƙara wa kwamfuta gudu. Shi kuma ya yi da safe kafin kowa ya zo.

"Na ɗauka in ta yi sauri allura ma za ta yi sauri," in ji shi.

Wallahi tausayi ya kama ni. Allura da motar lantarkin da ke cikin injin take gudu, ko an ninka saurin kwamfuta sau goma ba za ta ƙara suka ɗaya ba. Ɗan jiran da ake yi kafin ɗinki ya fara shi kaɗai zai ragu, kuma bai kai a shanye kofin shayi ba. Na gaya masa haka a hankali, sannan na ce ya kira Lawali.

"Na riga na yi magana gaban mutane, Rabi. In na janye, da wane ido zan dubi ma'aikatana? Ki bari ya tafi. Bayan Sallah in hankali ya kwanta sai in aika ya dawo."

"Ya dawo ya tarar da mi? Baban Zuwaira ya riga ya ji. In Lawali ya hau mota da sunan wanda ya ɓata dukiyar wansa aka kore shi, aure ya tashi."

"Ke dai gyara ta. In ta gyaru magana ta mutu."

Maganar da ya faɗa tana da wata gaskiya da shi kansa bai sani ba. Hanyar farko ta tayar da irin wannan kwamfuta ita ce a cire wani ɗan batir mai kama da kwabo da ke jikin babban allonta, a bar ta ta manta duk saitin da aka yi mata. Tana mantawa, gudun da aka ƙara ya tafi, wutar ta tafi, kalmar sirrin ma ta tafi. Babu wanda zai iya sake nuna abin da aka yi. Na buɗe murfin, na ɗora farcena a kan batirin, na tsaya. Na gaya masa abin da cirewar ke nufi, don ban so ya ce na ɓoye masa. Ya dube ni, ya dubi ƙasa.

"Cire mana," in ji shi.

Na cire. Daga wannan lokaci babu wata shaida a duniya sai bakina.

Na ɗauki hutu a wurin aiki na zauna a kanta. Da na ɗaga ƙarfen da ke sanyaya ƙwaƙwalwar, na tarar burbushin zare na shekara da shekaru ya toshe shi ya zama kamar ƙyalle, iska ba ta ratsawa ko kaɗan. Farin man da ake shafawa tsakaninsu don zafi ya wuce ya bushe ya zama alli. Na kankare shi, na goge da giyar asibiti, na shafa sabo, na wanke fankar da buroshin haƙori. Na mayar da batir, na danna, ta tashi da gudunta na asali. Ma'aikata suka yi ta kabbara da aka mayar da ita shago. Ni ban yi murna ba tukuna. Na ce kada a sa shaddar kowa, a kawo ragowar yadi. Aka fara ɗinki lafiya, ya kai rabin wuya, sai allura ta bar hanya ta shiga suka inda babu zane, kwamfutar kuma ta daskare. Da kayan wani ne da an shiga uku.

Nan na gane ƙwaƙwalwar ta ji rauni. Ba ta mutu ba, amma wutar da aka ɗura mata cikin zafi ta cinye wani abu a jikinta, har nauyin da ta saba ɗauka ya fi ƙarfinta. Na bi kasuwar Katako rumfa-rumfa da azumi a bakina ina neman irinta. Wadda na samu ba ta shiga gurbin ba, wata kuma matacciya ce aka goge ta tana ƙyalli. Saura hanya ɗaya, in rage mata gudu ƙasa da yadda aka ƙera ta. Aiki ne na haƙuri. Ka rage kaɗan, ka ɗora mata zane mafi nauyi, ka bar ta tana ta juyawa har rana ta take, ka jira ka ga ko za ta faɗi. In ta faɗi ka sake ragewa ka fara daga farko. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ma, daga farko za ka fara. Ba abin yarda ba ne ta yi aiki da sanyin safiya, sai ta tsallake azahar.

Don in sami zane mai nauyi dole na nemi Lawali, shi ya san inda suke. Na same shi a zaure yana ɗaure akwatinsa. Ya rame a 'yan kwanakin nan. Ya gaya mani sunan zanen, na juya zan tafi, sai na kasa.

"Lawali, ka dube ni. Kai ka taɓa ta?"

"Yaya ya ce ni ne," in ji shi, ya ci gaba da ɗaurinsa.

Na koma shago na ci gaba da gwaji. A ƙarshe na sami inda kwamfutar ta tsaya da ƙafarta. Na bar gefen murfin a buɗe, na kafa mata fankar tebur, na hana a jingina yadi kusa da ita. Ta yi wuni bayan wuni ba ta faɗi ba, ɗinki ya fita tsaf. Jiran farko ya ɗan ƙaru, allura kuwa tana gudunta kamar da. Na yi zaton ganin haka zai sauko da babanku. Sai na ji ya riga ya yi magana da wani mai zane daga wani shago, kuma an yanka wa Lawali tikitin mota.

Ranar da ya rage kwana ɗaya Lawali ya tafi, muka sha ruwa a ɗakin Inna, mu huɗu, ku kuna tsakar gida da naku kwanon. Ni na tashi ne a gidan da mace ba ta tsinka mijinta gaban kowa, balle gaban uwarsa. Tun da aka kawo ni ban taɓa ɗaga ido na dubi Inna ido cikin ido ba. Alhaji ya ce alhamdu lillahi inji ya tashi, Lawali kuma gobe da safe zai kama hanya, Inna ta sa masa albarka. Tsoro nake ji, ba na ɓoye muku.

"Inna, ki gafarce ni, ina da magana. Wurin da aka taɓa a cikin na'urar nan a kulle yake. Mutum biyu suka san mabuɗinsa. Ni ce ɗaya, kuma ban taɓa ba. Ɗayan ba Lawali ba ne."

Ban ambaci suna ba, amma babu wanda bai gane ba. Babanku ya ajiye kofin kunu a hankali, ya miƙe, ya sa takalmi ya fita. Inna ta dubi Lawali.

"Babu mai zuwa ko'ina," in ji ta. "Lawali, ka kwance kayanka."

Sannan ta juyo gare ni.

"Ke kuma, ɗiyata, kin faɗi. Allah shi ba ki ƙarfin ɗaukar abin da kika ɗauko."

Na ɗauka ko ba kowa Lawali zai ji daɗi. Ya tare ni a bakin madafa, idonsa jawur.

"Wa ya aike ki, Yaya Rabi? Shi ya riƙe ni tun ina yaro. In ya ɗora mani kaya, ni na ce na gaji? Yanzu yaya zan zauna da shi a shago guda?"

"Da ka tafi, da ka dawo ka tarar Zuwaira a ɗakin wani."

"Wannan nawa ne, ba naki ba."

Daga ranar wasa ya ƙare tsakaninmu. Yakan gaishe ni da ladabi har gobe, amma bai sake taɓa miyata da baki ba, kuma na yi kewar hakan fiye da yadda zan iya rubutawa. Babanku bai zage ni ba, bai rage mani komai ba. Sai dai ya koma cin abinci a shago, ya daina kirana Rabi, na zama Madam kamar yadda ma'aikatansa ke kirana. In na shigo ɗaki ya tuna yana da abin yi a waje. Wannan ita ce shekarar da kuka tuna, kuma ba Lawali ya jawo ta ba. A waje babu wanda ya gyara labarin. Mutane suka ce Alhaji ya yi haƙuri ya yafe wa ƙanensa, suka yaba masa, mu kuma muka yi shiru. Mahaifin Zuwaira ya zo shago da kansa, ya ga Lawali zaune a kujerarsa yana aiki, ya koma, aka ɗaura aure a ranar da aka sa.

Sannu a hankali gida ya warware. Wata rana ya ce, "Rabi, miƙo mani hulata," kamar bai taɓa dainawa ba, na miƙa masa na shiga madafa na yi kukana. Kwamfutar ta ci gaba da aiki a kan ragaggen gudunta har lokacin da injin kansa ya gaji aka sayar. Maganar kuwa ba mu sake tayar da ita ba, ko sau ɗaya. Ban rubuta wannan don ku rage ganin girman babanku ba. Ya ciyar da ku, ya ilimantar da ku, ya riƙe dangi biyu. Tsoron kunya ne ya kama shi rana ɗaya, ya kasa sauka daga kan maganarsa. Amma baffanku yana raye, yana da 'ya'ya, kuma ba daidai ba ne su gaji sunan da ba na ubansu ba.

A ciwonsa na ƙarshe, a asibiti, wata safiya ina gyara masa matashi sai ya ce in kira masa Lawali, in ba su wuri. Na fita na tsaya bayan labule. Ban yi nisa ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa ban kasa kunne ba. Muryarsa ta riga ta yi ƙasa sosai.

"Lawali, injin nan. Ni ne."

"Na sani, Yaya. Ina bakin ƙofa a waccan safiyar, na ga kana yi."

"Ka yafe mani."

"Babu komai tsakaninmu, Yaya. Ka kwanta."

Na jira ko zai kira ni in shigo, ya ce mani wani abu a kai ni ma. Da ya kira ni, ruwa ya nema. Na ɗaga kansa na ba shi, ya sha, ya riƙe hannuna bai saki ba har barci ya ɗauke shi.